Canza haƙorin aksul a Hilux bayan an sa mata manyan tayoyi

Tambaya: Ina da Hilux tsohon yayi mai injin dizal 3L, giya biyar, mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja. Tayoyinta na asali 205R16 ne, na cire su na sa 265/75R16 saboda ramuka da taɓon damina. Tun daga nan motar ta yi sanyi, ba ta tashi da lodi sai na ƙona kuloci, kuma a Hawan Kibo sai na koma giyar da ban saba komawa ba. Wani makanike ya ce in canza haƙorin aksul na baya daga 4.30 zuwa 4.88. Shin hakan zai dawo da ƙarfinta, kuma mene ne illarsa?

Amsa: Malam, shawarar makaniken naka tana kan hanya, kuma lambar da ya ambata ita ce ni ma zan zaɓa wa mai ɗaukar kaya a hanya irin taka, sai dai ya faɗa maka rabin aikin ne kawai. Motarka tana da aksul biyu masu ja, saboda haka duk abin da aka yi wa na baya dole a yi wa na gaba, kuma nasarar aikin ta fi dogara ga wanda zai saita haƙoran fiye da tsadar haƙoran da za ka saya.

A cikin difarenshal, wato ƙullin da ke tsakiyar aksul mai raba wa tayoyi biyu ƙarfi, akwai haƙora biyu da wannan magana ta shafa. Akwai ƙarami da ke ƙarshen farfela (dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giyabos zuwa aksul), wanda ake kira finiyan, da kuma babba mai zagaye da finiyan ke juyawa, wanda ake kira kirawun. Idan aka ƙirga haƙoran kirawun aka raba su da yawan haƙoran finiyan, abin da ya fito shi ne rashiyo. A aksul ɗin Toyota mai kirawun inci 8, irin na motarka, 4.30 na nufin haƙora 43 a kan 10, 4.56 na nufin 41 a kan 9, 4.88 na nufin 39 a kan 8, sannan 5.29 na nufin 37 a kan 7. Ma'anar lambar ita ce sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta yi juyi ɗaya. Idan lambar ta ƙaru, inji zai ƙara yawan juyi kafin a ci tazara ɗaya, amma ƙarfin murɗawar da ke isa taya zai ƙaru daidai gwargwado. Duk wanda ya taɓa sa wa babur ɗinsa babban sifiroket a baya ya san wannan ciniki: babur ya fi iya tashi da buhu biyu, amma ya fi ƙara a kan titi, kuma injinsa yana nan yadda yake, ba a ƙara masa komai ba. Injin 3L yana ba da ƙarfin doki kimanin 90, kuma haka zai ci gaba da bayarwa ko wane haƙori aka sa a aksul.

Abin da ya sami motarka kuwa ana iya lissafa shi a bayan takardar rasit. Taya 205R16 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 734 ne, ita kuwa 265/75R16 kimanin milimita 804 ce. Idan ka raba 804 da 734 za ka sami 1.095, wato sabuwar tayar ta ɗara tsohuwar da kashi tara da rabi cikin ɗari. A kowane juyi tana cin ƙasa fiye da da, kuma nisan da ke tsakanin tsakiyar aksul da ƙasa ya ƙaru, don haka ƙarfin da ke tura motar gaba ya ragu. A idon inji, kamar ka cire 4.30 ne ka sa 3.93, rashiyon da ya fi dacewa da motar da ke yawo babu kaya a kan shimfiɗaɗɗen titi.

Ga yadda hakan yake a wajen tashi da lodi. Mafi girman ƙarfin murɗawa na injin 3L kimanin nuton-mita 188 ne, kuma yana samun sa ne a wajen juyi 2,400 a minti. Giya ta ɗaya tana ninka shi kusan sau 3.93, aksul kuma ya sake ninkawa sau 4.30. Idan aka raba abin da ya fito da rabin tsayin taya, ba tare da cire ɗan abin da ke salwanta a hanya ba, tsofaffin tayoyinka suna tura ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 880, sababbin kuma kilo 805 kawai. Wannan giɓin na kilo saba'in da ɗoriya shi ne kake cikewa da kuloci a duk lokacin da ka riƙe shi rabi kana taka totur, kuma shi ne warin da kake ji. Da 4.88 lissafin zai koma kusan kilo 915, wato ɗan sama da yadda motar ta fito daga kamfani. Ban sa nauyin tayar kanta a lissafi ba, alhali babbar taya mai faɗi ta fi nauyi kuma ta fi riƙe ƙasa, wanda hakan ma yana da nasa kason a sanyin da kake gani.

A kan titi ma haka abin yake. Giya ta biyar a irin wannan mota kimanin 0.85 ce. Da tayoyin asali, a gudun kilomita 100 a awa inji yana juyi kusan 2,640 a minti. Da manyan tayoyi ya sauko zuwa 2,410, kuma idan lodi ya sa ka rage zuwa kilomita 80, yana wajen 1,930, nesa da inda yake da ƙarfi. Injin dizal marar turbo (na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska) idan aka danne shi a ƙaramin juyi da kaya a baya, hayaƙi baƙi yake fitarwa, zafinsa ya hau, mai ya tafi a banza, direba kuma ya yi ta kai-komo tsakanin huɗu da biyar. Giya ta biyar ma ba ta son irin wannan danniya, domin ƙarfi ba ya bi ta miƙe a cikinta kamar yadda yake bi a ta huɗu, sai ya ratsa ta ƙaramin shaf na giyabos.

Kafin ka fitar da ko sisi, a tabbatar da abu biyu. Na farko, cewa tayar ce kaɗai ta jawo sanyin, domin kulocin da ya fara sulɓi, birkin baya da ke riƙewa, filtar iska da ta toshe da ƙura, ko nozul da suka gaji, duk suna kawo alamomi masu kama da waɗanda ka lissafa. Tunda ka ce abin ya fara ne daga ranar da aka canza taya, na fi zargin tayar, amma kulocin da aka daɗe ana ƙonawa sai an duba shi ko da an canza haƙori. Na biyu, cewa 4.30 ɗin ce da gaske a cikin motar. A kan farantin ƙarfe da ke cikin gidan inji akwai lambar aksul. A tsofaffin Toyota, harafin G yana nuna kirawun inci 8, G282 tana nufin 4.30, G254 tana nufin 4.56, G144 kuma 4.88. To amma motar da ta shekara ashirin ko talatin tana wucewa daga hannu zuwa hannu, babu tabbacin cewa abin da ke cikin aksul ɗinta yau shi ne wanda farantin ya faɗa.

Hanyar tabbatarwa ba ta buƙatar a kwance komai. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a dogare tayoyin gaba da duwatsu, a sa giya a firi, a saki birkin hannu, sannan a ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, a tallafe aksul da kyau kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. A ja layi da alli a jikin farfela, a ja wani a jikin aksul daura da shi, a kuma yi alama a taya. Mutum ɗaya ya juya tayar a hankali sau ashirin cif, ɗayan yana kwance yana ƙirga sau nawa layin farfela ya wuce. Abin da ya ƙirga a raba shi da goma. Idan ya sami 43, rashiyon 4.30 ne, idan ya sami 45 da rabi da ɗan kai, 4.56 ne; idan ya kusa 49, to 4.88 tana ciki tun tuni, kuma sai a nemi matsalar a wani wuri. Dalilin juyi ashirin a raba da goma shi ne, idan taya ɗaya tana ƙasa, ƙananan haƙoran da ke tsakiyar difarenshal suna sa wadda ke sama ta juya ninki biyu na juyin kirawun. Idan aka ga tayar ta ƙi juyawa ko tana juyawa da ƙyar, alama ce cewa difarenshal ɗin mai riƙe taya biyu ne, sai a ɗaga duka biyun, a juya su tare sau goma, a raba ƙirgen da goma.

Idan ya tabbata 4.30 ce, lissafin abin da zai mayar da motar yadda take a da shi ne 4.30 sau 1.095, wanda ya ba da 4.71. Babu haƙori mai wannan lamba a wannan aksul, don haka zaɓi ya rage tsakanin 4.56 da ke ƙasa da 4.88 da ke sama, kuma kusan a tsakiyarsu ka faɗa. Da 4.56 inji zai yi juyi kusan 2,555 a kilomita 100, da 4.88 kuma kusan 2,735. Da a ce motar ta zirga-zirgar iyali ce tsakanin Kano da Abuja, da na ce ka ɗauki 4.56, ta fi shiru a doguwar tafiya. Mai hawa Filato da taki ko siminti, ya sauko da dankali, 4.88 ce tasa. Juyi ɗari da ya ƙaru a kan na asali ba abin da zai dami injin da ke kai wa 4,000 ba ne, kuma akwai ribar da mutane ba su cika lissafawa ba, wato gangara. A saukowa daga Hawan Kibo da kaya, inji ne ya kamata ya riƙe motar, birki ya taimaka masa, kuma ƙarfin wannan riƙon yana bi ta rashiyon nan ne kamar yadda ƙarfin ja yake bi. Manyan tayoyi sun rage shi, 4.88 za ta dawo da shi.

Za a iya samun wanda zai ce tunda abin haka ne a tafi 5.29 gaba ɗaya. Ban goyi bayan wannan ba a tayar da ba ta wuce taka ba. Girman kirawun ba ya canzawa, don haka duk lokacin da rashiyo ya hau, finiyan ne ke ƙanƙancewa, kuma finiyan mai haƙori bakwai ya fi saurin karyewa idan taya ta yi tsalle a rami ta dira da lodi. Ga kuma inji da zai kusa juyi 3,000 a kilomita 100, abin da ba shi da amfani a gare ka. Batun shan mai kuwa, kada ka sa ran wani babban sauyi ta kowane ɓangare. Idan babu kaya kuma kana gudu a titi, 4.88 za ta ɗan ƙara sha. Idan da kaya a hawa, sau da yawa raguwa ake gani, saboda an daina danne inji da totur a ƙasa.

Akwai kuma zaɓin da ya fi duka araha, kuma ya kamata in faɗa ko da ba shi ka tambaya ba, shi ne ka mayar da tayoyin asali. Bambancin tsayin tayoyin biyu milimita 70 ne, rabinsa kawai ke ɗaga aksul daga ƙasa, wato santimita uku da rabi. Idan wannan ɗan tsayi shi ne ke raba ka da kwana a cikin taɓo a hanyoyin ƙauyen da kake shiga, to ya cancanci kuɗin. Idan kuwa kyan gani ne ya fi rinjaye, sayar da manyan tayoyin zai warware matsalar a yini ɗaya. Ka kuma sani cewa canza haƙori ba ya gyara abin da babbar taya ta yi wa birki, wanda shi ma ƙarfinsa a ƙasa ya ragu da kusan kashi tara cikin ɗari, kuma ba ya ƙara wa aksul, sifirin ko boris ɗin taya ikon ɗaukar nauyi. Motar za ta iya jan abin da ya fi ƙarfin ƙashinta, kuma a nan ne masu lodi da yawa suke yaudarar kansu.

Yanzu batun aksul na gaba. Ogzilarin irin wannan Hilux ba shi da difarenshal a tsakiya, da zarar an sa shi farfelar gaba da ta baya suna ɗaure ne, suna juyi ɗaya. Idan baya 4.88 ce gaba kuma 4.30, tayoyin gaba za su nemi su ci mita 113 a daidai lokacin da na baya ke cin mita 100. A cikin yashi ko laka tayoyin za su yi ta gurzar ƙasa suna haƙa rami, a kan ƙasa mai tauri kuma babu inda wannan bambanci zai tafi sai cikin ƙarfe, ya karya kuros ɗin farfela, ko shaf ɗin gaba, ko haƙoran giyar ogzilari. Wasu kan ce za su canza baya kawai, ba za su taɓa sa ogzilari ba. Hakan yana yiwuwa a ka'ida, amma motar aiki ba mutum ɗaya ke tuƙa ta ba, kuma ranar da ta kafe babu wanda zai tuna da alkawarin. Ɗan bambanci irin na 4.10 da 4.11 ba ya cutarwa, fiye da haka kuwa a guje shi. Ka duba kuma wane irin gaba motarka take da shi, domin Hilux mai miƙaƙƙen aksul a gaba tana da kirawun inci 8 kamar na baya, waɗanda suka biyo bayanta masu tayoyin gaba da ke motsi kowace ita kaɗai kuwa na inci 7.5 ne, kuma haƙoran ba sa shiga wa juna.

Malejinka ma abin ya shafe shi, tunda a irin wannan mota daga bayan giyabos yake karɓar juyi. A yanzu idan ya nuna 100, ainihin gudunka ya kai 109, kuma kilomitocin da yake ƙirgawa sun gaza waɗanda ka ci, abin da ke sa lokacin juye baƙin mai ya wuce ba ka sani ba. Da 4.88, idan ya nuna 100 kana kan 96 ko 97 ne. A sababbin motoci masu ɗaukar gudu daga na'urar da ke jikin taya, canza haƙori ba ya gyara wannan kuskure.

Wajen saye hanya biyu ce. Aksul ɗin Toyota yana da wata falala, kan difarenshal gaba ɗayansa yana fita ta gaba idan aka zare shaf biyu aka kwance farfela da notocin da ke kewaye. Don haka ana iya neman cikakken kai na gwanjo mai 4.88 a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, a ɗora shi yadda yake, da saitinsa na kamfani. Idan aka dace da mai lafiya, wannan ya fi sabon haƙori da aka saita da ka. Sai dai kada ka karɓi maganar mai shago a kan lamba, ka ƙirga haƙoran da kanka, 39 da 8. Ka duba fuskar haƙoran ko akwai ramuka, ɓantarewa ko launin shuɗi na ƙuna, ka juya finiyan da hannu ka ji ko yana tafiya sumul ba tare da gargada ba, ka girgiza shi ka ga ko yana lilo. Ka je da tsohon naka a gwada ramukan farfela da yawan tsagar da shaf ke shiga. Hanya ta biyu ita ce sabon kirawun da finiyan, kuma a nan doka ɗaya ce ba ta da sassauci: tare ake sayen su, tare ake sa su. A masana'anta ana goga su da juna har su saba, a sa musu lamba ɗaya. Kirawun na wata mota da finiyan na wata, ko da lambar haƙoransu ta yi daidai, kuka za su yi har su cinye juna. Tare da su a sayi sababbin boris na finiyan da na gefe, da oyil sil, da noti, da ɗan bututun da ke tsakanin boris biyu na finiyan, wanda ake lotsawa sau ɗaya kawai a rayuwarsa.

Saiti shi ne inda aikin yake lalacewa ko ya yi kyau, kuma dalilin yana cikin siffar haƙoran. Finiyan ba ya daidai da tsakiyar kirawun, yana ɗan ƙasa da ita, tsarin da kamfanin Gleason na Amurka ya samar, Packard kuma ya fara sa wa motocinsa a 1926. Saboda wannan karkata, haƙoran suna goga juna ne a tsawonsu yayin da suke turawa, kuma kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yana tattara dukan nauyin a gefe ɗaya na haƙori. Abu huɗu ake saitawa, kuma kowanne yana taɓa ɗan'uwansa: zurfin shigar finiyan cikin kirawun, wanda siririyar washa da ke bayan kan finiyan ke ƙayyadewa, matsin boris ɗin finiyan, sararin da ke tsakanin haƙoran, da matsin boris biyu na gefe.

Kirawun ba a buga shi da guduma. Ana dafa shi a tafasasshen ruwa ya buɗe kaɗan, a goge shi, a zura shi a mazauninsa tun yana da zafi, sannan a ɗaure ƙusoshinsa ɗaya daura da ɗaya da sifana mai awon ƙarfi, kimanin nuton-mita 97 a wannan aksul. Notin finiyan kuma ana ɗaure shi kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana auna ƙarfin da ake buƙata kafin finiyan ya fara juyawa, wanda a sababbin boris bai wuce nuton-mita ɗaya zuwa biyu da rabi ba, gwargwadon abin da littafin wannan aksul ya faɗa. Idan aka zarce, ba a warware noti a ce an gyara, domin bututun ya riga ya lotse, sai an sa sabo. Sararin haƙora ana auna shi da agogon awo mai allura, a kafa bakinsa a kan haƙori ɗaya na kirawun, a riƙe finiyan, a motsa kirawun gaba da baya. Toyota ta ƙayyade milimita 0.13 zuwa 0.18, kuma a auna a wurare uku ko huɗu na zagayen, domin idan awon ya bambanta sosai to kirawun bai zauna daidai ba. Ana gyara shi da manyan notoci biyu masu ramuka da ke gefen boris, a sassauta ɗaya a ɗaure ɗayan daidai gwargwado.

Bayan duk wannan sai a nemi shaida daga haƙoran kansu. Ana shafa wa haƙora uku ko huɗu na kirawun wani kala mai kauri, rawaya ko ja, a fuska biyu, a danne kirawun da ɗan katako don ya yi nauyi, a juya finiyan gaba da baya har ya ratsa wurin. Inda haƙoran suka haɗu kalar za ta goge, ta bar tabo. Tabo mai kyau dogo ne, gefunansa a lanƙwashe, yana zaune a tsakiyar tsayin haƙori, bai taɓa sama ba bai taɓa gindi ba, ya ɗan karkata zuwa ƙarshen haƙori na ciki, saboda idan lodi ya hau zai bazu zuwa waje. Idan tabon ya hau saman haƙori ya yi kaifi a baki, finiyan bai shiga sosai ba, ana buƙatar washa mai kauri. Idan ya nutse a gindi ya bar layi miƙaƙƙe, ya shiga da yawa, sai a rage. Kowane canjin washa yana nufin a sake kwance finiyan, a cire boris, a mayar, a sake auna sarari, a sake shafa kala, kuma ba abin mamaki ba ne a maimaita hakan sau da dama kafin a dace. Saboda haka kafin ka ba kowa aikin, ka ce ya nuna maka agogon awonsa da washoshinsa masu kauri daban-daban, kuma ka ce za ka zo ka ga tabon da idonka kafin a rufe. Akwai tsofaffin makanikai masu hannu da ke kusantar daidai da ji kawai, ban raina su ba, amma bambancin milimita 0.15 da 0.30 ba abin da zan jingina kuɗin haƙora biyu a kansa ba ne ba tare da awo ba.

Mai kuma dole ya zama man giya mai lamba GL-5, kauri 80W-90 ko 85W-140 ga mai ɗaukar kaya a zafi, domin shi ne ke da sinadarin da ke jure gogayyar irin waɗannan haƙora. Baƙin man inji ko man giyabos mai sauƙi ba sa iya wannan aiki. Idan difarenshal ɗinka mai riƙe taya biyu ne, a nemi man da aka rubuta cewa ya dace da shi, in ba haka ba zai riƙa ƙara a kwana.

Sabon haƙori yana zafi fiye da tsoho har sai fuskokinsa sun kwanta. Tafiyar farko kada ta wuce minti ashirin, babu kaya, a gudu matsakaici, sannan a tsaya a bar aksul ya huce sarai, a maimaita haka sau biyu ko uku. A kilomita 800 na farko a guji cikakken lodi da jan wata mota da dogon gudu ba tsayawa, wanda na san yana da wuya ga mai neman abinci da motarsa, amma man da ya ƙone a makon farko yana tafiya ne da taurin fuskar haƙori, kuma ba ya dawowa. Haƙorin aksul na gaba shi ma yana buƙatar irin wannan lallaɓawa, a riƙa sa ogzilari a kan hanyar ƙasa na ɗan lokaci. A wannan tsakani ka saurari motar. Kukan da ke zuwa idan ka taka totur ya ɓace idan ka ɗaga ƙafa yana nuna zurfin finiyan bai yi daidai ba. Wanda ke zuwa sai ka ɗaga ƙafa kawai yawanci boris ɗin finiyan ne bai matsu ba. Bugu guda a lokacin tashi ko canza giya sarari ne ya yi yawa, ko kuros ɗin farfela. Duk wanda ka ji a cikinsu ka koma gareji a ranar, domin haƙorin da ya ci kansa a gurguwar saiti ba ya yin shiru ko an gyara saitin daga baya. Idan an cika kilomita 800 a juye man tun yana da ɗumi, a duba maganaɗisun da ke jikin notin juyewa. Laushin gari mai launin toka a kansa ba komai ba ne a juyen farko. Idan kuwa ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi mai kaifi, ko ka ga gutsattsarin ƙarfe masu ƙyalli, a sake fito da kan difarenshal a duba kafin ka ɗora masa buhu ko ɗaya.